Gane Launi ko Auna Haske: Hanyoyi Biyu na Koya wa Mutum-mutumi Bin Layi

A cikin akwatin LEGO Mindstorms EV3, wanda ya fito a 2013, akwai wata 'yar na'ura da ke zama idon mutum-mutumin. Ana ɗaura ta a gabansa tana duban ƙasa, tsakaninta da daɓe bai wuce santimita ɗaya ba. Ɗalibin da zai ba ta umarni ba sai ya rubuta komai ba, tubala yake jawowa a allon kwamfuta yana jera su, kowane tubali da aikinsa. Aikin da malamai suka fi farawa da shi shi ne bin baƙin layi a kan farin fili, kuma a nan ne yaro ke fuskantar zaɓi: ko ya sa idon ya faɗa masa launin da ya gani, ko ya sa shi ya auna yawan hasken da ya dawo masa.

A hanya ta farko, idon ya san launuka bakwai, kowanne da lambarsa: baƙi 1, shuɗi 2, kore 3, rawaya 4, ja 5, fari 6, ruwan ƙasa 7, sai sifili idan bai ga komai ba. Tsarin umarnin gajere ne. Tubalin maimaitawa a waje, tubalin zaɓi a ciki: in ka ga baƙi karkata hagu, in ka ga fari karkata dama. Yaron firamare zai jera wannan kafin a tashi darasi, ya ga abin da ya haɗa da hannunsa yana tafiya, kuma wannan farin cikin ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yau ya fara.

A hanya ta biyu, idon ba ya kiran sunan launi ko ɗaya. Jan haske yake haskawa a ƙasa, ya ba da lamba daga 0 zuwa 100 gwargwadon abin da ya dawo. Baƙi yana shanye haske, lambarsa ta yi ƙasa. Fari yana mayar da shi, lambarsa ta yi sama. Sai dai nan dole ɗalibi ya yi aiki kafin taya ta juya. Zai ɗora idon a kan fari ya rubuta abin da ya samu, ya ɗora a kan baƙi ya rubuta, sannan ya nemo tsakiyarsu. A ce fari ya ba da 80, baƙi ya ba da 10, tsakiya ta zama 45.

Bambancin na fitowa ne a bakin layi, inda rabin abin da idon ke gani baƙi ne, rabi fari. Mai gane launi dole ya zaɓi suna guda, wani lokaci ma ya ruɗe ya kira wani launin da babu shi a wurin. Da yake amsa biyu kawai yake da su, mutum-mutumin sai ya riƙa tafiyar agwagwa, nan hagu nan dama, in an ƙara masa gudu ya saki layin a kwana. Mai auna haske kuwa bakin layin nan shi ne mazauninsa. Ɗalibi zai ɗebe 45 daga lambar da idon ya bayar, ya ninka sakamakon da wata 'yar lamba, ya miƙa wa tubalin sitiyari. In kaucewar kaɗan ce, gyaran ya zama kaɗan. In ta yi yawa, ya murɗa da ƙarfi. Tafiyar sai ta miƙe sumul. Ni wannan ne wurin da ya fi burge ni, domin yaro yana ganin ɗebewa da ninkawar da aka koya masa a aji suna juya taya a gabansa.

Amma auna haske ma yana da inda ya gaza. Tunda fitilarsa ja ce, jan fili yakan mayar da haske kusan kamar fari, kore da shuɗi kuma su yi duhu su matso kusa da baƙi. Idan an sa jar alama a mahaɗar layi don a tsaya, yana iya wuce ta bai sani ba, alhali mai gane launi zai kira ta da sunanta nan take. Haka kuma in an sauya tabarmar gwaji, ko tsayin idon daga ƙasa, ko aka koma ɗaki mai hasken rana da yawa, sai an sake awo. Shi ma mai gane launin ba ya tsira gaba ɗaya, don launukan bulolin LEGO ya fi sani, takarda ko fenti na iya rikita shi.

An daina yin EV3, SPIKE Prime da ya fito a 2020 ya gaje shi a makarantu da tubalan da aka gina kan Scratch na jami'ar MIT, amma zaɓin nan biyu yana nan yadda yake. A ganina, malami ya buɗe darasi da gane launi, kada dai ya bar yara a nan. Bin layi na auna haske ne, gane alamun tsayawa da mahaɗa kuma na launi ne, kuma ɗalibin da zai shiga gasa irin FIRST LEGO League yana bukatar ya iya sauya idon daga wannan zuwa wancan a cikin tsari ɗaya.