Wutar Daji a Ƙasar Yauri: Asarar da Ba Ta Shiga Lissafi

Wanda ya taɓa bin hanyar Kontagora zuwa Yelwa da daddare a cikin hunturu ya san wannan jan zaren wuta da ke tafiya can nesa cikin daji. Gari na wayewa sai ka tarar da baƙar ƙasa, kututture na hayaƙi, shirwa na shawagi tana neman abin da wuta ta koro. Mun saba da ganin haka har ya daina tayar mana da hankali. Ni kuwa yana damuna, domin dukiya ce ke ci, kuma babu mai ƙirga ta.

A wasu ƙasashe ana ƙirgawa. Gobarar Los Angeles ta watan Janairun 2025 ta cinye gine-gine fiye da 16,000, kamfanonin inshora kuma suka lissafa asarar da biliyoyin daloli. A 2023 wuta ta ci kimanin hekta miliyan 15 a Kanada. Amma hotunan tauraron ɗan adam sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka yake, galibi a dajin ciyawa irin namu. Manomin Shanga da wuta ta cinye masa damman dawa a gona ba shi da inshora. Maƙwabta su zo jaje, a ce Allah Ya mayar da alheri, magana ta ƙare.

Wutarmu kusan duka hannun mutum ke kunna ta. Yara na koro gafiya ko zomo, mai neman zuma da bakin wuta, makiyayi mai son sabon toho, manomi mai sharar gona, ko guntun taba da aka yar a bakin hanya. Sauyin yanayi ba shi ke ƙyasta ashana ba, aikinsa shi ne shirya wa wutar abinci. Duk ƙarin zafi na digiri 1, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi da kusan kashi 7 cikin 100, don haka take tsotse ruwan ciyawa da ganye da sauri. Idan damina ta yi ruwa mai yawa, kamar shekarun ambaliya na 2020 da 2022, gamba kan yi tsawo ta yi kauri. Sai ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta busar da ita ƙayau. Zafin ma ƙaruwa yake: a ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, masana kuma suka danganta tsananin zafin da hayaƙin da ɗan adam ke fitarwa. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya yi hasashen cewa munanan gobarar daji za su ƙaru da kashi 30 cikin 100 nan da 2050.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa don adalci. Bincike ya nuna cewa faɗin filin da ke ƙonewa a dajin ciyawa na Afirka raguwa yake yi, saboda gonaki sun cinye dajin. Sai dai wannan ba ya rage asara. Da can wuta kan yi tafiyar yini ba ta gamu da komai ba sai ciyawa. Yanzu ko ina ta juya gonar wani ce, ko masussuka, ko harawar da aka tara.

Asarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ido ba ya gani. Manoma da yawa na cewa toka taki ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wasu sinadarai kan rage a toka. Amma naitirojin, wato abin da muke sayen yuriya dominsa, yawancinsa hayaƙi yake bi. Tokar ma iska ta kwashe wani kaso, ruwan farko ya wanke saura zuwa rafi. Karan dawa da tattakar shinkafa da za su ruɓe su riƙe wa ƙasa laima sun tafi. Da damina sai manomi ya nemi kuɗin ƙarin buhun taki, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada. Jihar Kebbi da ta yi suna da shinkafa, inda aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a 2015, bai kamata ta riƙa ƙona ƙarfin ƙasarta kowane rani ba.

Sai makiyayi. Wutar ƙarshen rani ba ta bar masa komai, shanu su rame, nono ya ragu, farashinsu ya faɗi a kasuwa. Dole ya gangara fadama da bakin tafkin Kainji, inda masu albasa da shinkafar rani suke, daga nan kuma rigima ke tashi. Mata ma na cikin masu asara. Kaɗanya da ɗorawa na jure wuta idan sun girma, amma wuta mai zafi a lokacin fure tana rage 'ya'ya, tana kuma kashe ƙananan da za su gaji manya. Man kaɗe da daddawa ke biyan kuɗin makaranta a gidaje da yawa. Ga amya, ga ciyawar zana da jinka, ga itacen da masunta ke bandar kifi da shi a Wara da Yelwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 aka tayar da mutum kusan 44,000, rayuwar Gungawa da sauran mazauna gaɓa ta rataya a kan ruwa da ɗan abin da ke tudu, kuma ƙasar da wuta ta tsiraita, zaizaya ke kai ta cikin tafkin.

Doka tana nan. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai tun 2011, amma takarda ba ta tare wuta. Hana ƙona gaba ɗaya ma ba zai yiwu ba, domin dajin ciyawa ya saba da wuta. Lokacin ne ke da muhimmanci. Wutar farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, a hankali take ci, tana barin tsibirai, raɓar dare kuma kan kashe ta. Ta watan Fabrairu da Maris ita ce mai kama har saman itace. Dagatai da masu unguwanni a Ngaski, Shanga da Yauri, tare da arɗo da sarkin noma da shugabannin mafarauta, za su iya tsayar da makon ƙona, a share kewayen gonaki da masussuka kafin nan. Kowane mai gari kuma ya buɗe littafi: ranar da wuta ta tashi, gonar wa ta ci, dami nawa, harawa nawa, amya nawa. Da irin wannan littafin ne majalisar masarauta za ta iya zuwa Birnin Kebbi da alƙaluma a hannu.