Ko Ka Sani? Hayaƙin Taba da Lokacin Balagar 'Ya Mace

Balagar 'ya mace daga ƙwaƙwalwa take farawa. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke sakin sinadarin da ke tayar da ƙwayayen haihuwa, su kuma su shiga samar da sinadarin estrojin. Alamar farko ita ce ƙirgar dangi, galibi tsakanin shekara 8 zuwa 13, sannan jinin al'ada ya biyo baya da kamar shekara biyu. Gado ne ya fi ƙarfi wajen tsayar da wannan lokaci, sai abinci da nauyin jiki. Hayaƙin taba ma yana cikin abubuwan da masana suka ga suna taɓa shi.

A cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki na haddasa kansa. Biyu ne suka fi shafar ɗan tayi. Nikotin yana ratsa mabiyiya, yana kuma tsuke jijiyoyin da ke kai wa jariri abinci. Iskar kabon monoksaid kuwa tana ƙwace gurbin oksijin a cikin jini. Shi ya sa jariran da suka sha hayaƙi tun suna ciki sukan zo da ƙarancin nauyi. Irin wannan jaririya takan yi saurin ramuwar girma bayan haihuwa, sau da yawa har ta tara kitse a ƙuruciya. Kitse kuma yana fitar da sinadarin leptin, wanda ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki ya tara guzurin da zai ɗauki balaga. Wannan ita ce ɗaya daga cikin hanyoyin da ake ganin hayaƙi yana bi ya gaggauta al'amarin.

Wani babban bincike a ƙasar Denmak, wanda aka wallafa a 2019 bayan bibiyar yara fiye da 15,000, ya gano cewa 'yan matan da uwayensu suka sha sigari da ciki sun riga sauran ganin al'ada da 'yan watanni, kuma tazarar na ƙaruwa da yawan karan da uwar ke zuƙa. Wasu ƙananan bincike a Amurka sun ga jinkiri maimakon gaggawa, amma mafi rinjayen sakamako ya karkata ga saurin balaga.

A Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran ƙasar Hausa, mata kaɗan ne ke shan sigari. Hayaƙin da ke isa ga mai ciki da 'yarta yawanci na wani ne: miji, wa, ko baƙon da ya kunna a zaure. Abin ya fi muni da hunturu, lokacin da ake rufe ƙofa da taga. Ko bayan an kashe karan, guba takan maƙale a labule, katifa da tufafi. Shisha ba ta fi sauƙi ba, domin ruwan tukunyar ba ya tace gubar, gawayin da ke kanta ma ƙara kabon monoksaid yake yi. Garin taba da wasu mata ke sawa a baki ba shi da hayaƙi, amma nikotin ɗinsa yana shiga jini.

'Yan watanni ba abin rainawa ba ne. An danganta saurin fara al'ada da ƙarin haɗarin kansar mama, ciwon suga da ciwon zuciya a girma. Akwai kuma nauyin da ba asibiti ke auna shi ba: inda ake ɗaukar jinin farko a matsayin alamar isa aure, yarinya na iya barin aji alhali ƙugunta da hankalinta ba su gama ƙosawa ba.

Dokar hana yaɗuwar taba ta Nijeriya ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. A cikin ɗakin kwana kuwa, nauyin kiyayewa yana wuyan mai gida. Buɗe taga ba ya wadatarwa, dole hayaƙin ya fita daga gidan gaba ɗaya. Yarinyar da alamun balaga suka bayyana mata kafin shekara 8 kuwa tana buƙatar likita ya duba ta, a asibiti irin na Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, domin akwai wasu cututtukan da kan jawo haka.