Idan Kukan Yaron Maƙwabci Ya Wuce Misali

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma wannan magana ce ta ba maƙwabci hurumin sa baki idan ya ga ana cutar da ƙaramin yaro. Sai dai a bambance tarbiyya da azabtarwa. Tsawa ko hana yaro fita wasa horo ne. Shatin wayar wuta a bayan ɗan shekara 4, ƙuna a tafin hannu don ya ɗauki tsokar nama, ko kulle shi a ɗaki wuni guda babu abinci, wannan zalunci ne, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 a Najeriya ta haramta azabtar da yaro.

Wasu za su ce sa baki shiga sharo ba shanu ne, kuma yana ɓata zaman tare. Abin da ke ɓata shi galibi shi ne yadda aka sa bakin. A fara samun uwar ko uban a keɓe, cikin lalama, domin sau da yawa gajiya da ƙuncin rayuwa ne ake hucewa a kan yaro. In nasiha ba ta yi ba, a je ga dattijon gidan, liman ko mai unguwa. In akwai rauni a jiki, a kai yaron asibiti, a sanar da 'yan sanda ko ma'aikatar mata da yara. Kada a yaɗa hotonsa a Facebook, tozarci ne a gare shi. Yaron ba zai iya kai ƙara da kansa ba, don haka kada ka yi shiru.