Rafin Cheonggyecheon: Tafarkin Tattaki a Tsakiyar Birnin Seul

A tsakiyar Seul, babban birnin Koriya ta Kudu, akwai wani rafi da ake kira Cheonggyecheon, wato "rafi mai ruwa garai-garai". Yana gangarowa daga yamma zuwa gabas, ya haɗu da rafin Jungnangcheon, sannan su faɗa kogin Han. A gefensa biyu an shimfiɗa tafarkin tafiya a ƙasa wanda iyaye da yara da tsofaffi suke bi domin shan iska. Abin da ya sa masana tsarin birane suke yawan kafa misali da shi shi ne, shekaru da dama rafin yana binne a ƙarƙashin kankare, motoci suna gudu a kansa.

Tarihin Rafin

A zamanin daular Joseon sunansa Gaecheon, kuma ya kasance magudanar ruwan birnin. Da damina yakan yi ambaliya, da rani ya ƙafe ya bar ƙazanta. Sarki Taejong ya sa an yashe shi a farkon ƙarni na 15, haka kuma a shekarar 1760 Sarki Yeongjo ya tara mutane kusan 200,000 suka sake yashe shi. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, 'yan gudun hijira suka kakkafa bukkokin katako a bakinsa, ruwan ya zama juji mai wari. Hukuma ta ga mafita ita ce a rufe shi. Daga 1958 aka fara lulluɓe shi da kankare, zuwa 1976 kuma an kammala doguwar gadar sama ta motoci a kansa. A wancan lokaci ana kallon gadar a matsayin alamar ci gaba.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 20 gadar ta tsufa, gyaranta yana cin kuɗi. Magajin garin Seul, Lee Myung-bak, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa a 2008, ya ɗauki alƙawarin rushe ta. An fara aiki a watan Yuli 2003, aka buɗe rafin ga jama'a a watan Oktoba 2005. Tsawon abin da aka tone ya kai kilomita 5.8, kuɗin da aka kashe kuwa ya haura won biliyan 380. Mutane da yawa sun ji tsoron cunkoso, domin motoci fiye da 160,000 ne suke bin hanyar kullum. Sai dai a 2004 birnin ya sake fasalin zirga-zirgar motocin safa, aka keɓe musu layinsu, jama'a da dama suka koma shiga safa da jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Yadda Tafarkin Yake

Tafarkin ya faro daga dandalin Cheonggye, inda ruwa yake kwararowa daga wani magangari da aka gina. Mai tafiya yakan sauka ta matakala, domin tafarkin yana ƙasa da titi da mita da yawa. Wannan zurfi shi ne sirrin wurin: ƙarar motoci tana raguwa, yaro kuma ba ya iya kufcewa ya faɗa titi. Hanyar a miƙe take, babu hawa babu gangara, ruwan kuma a yawancin wurare bai wuce gwiwar babba ba. An jera manyan duwatsu a tsakiyarsa domin tsallakawa, kuma nan ne yara suka fi so, suna ƙirga duwatsu suna leƙen kifi. Gadoji 22 ne suka ratsa rafin, kowace tana ba da inuwa, ga kuma mafita zuwa titi a kusa-kusa, don haka iyalin da suka gaji ba sai sun kai ƙarshe ba.

Ga malamin makaranta, wurin tamkar aji ne a fili. Akwai gadar Gwangtonggyo ta dutse, wadda aka gina a 1410, aka tono ta bayan ta daɗe a binne. A jikin bango an zana ayarin Sarki Jeongjo na 1795 a kan dubban tayil, inda ɗalibi zai ga dawaki da dogarai da makaɗa a jere. Can gaba an bar wasu ginshiƙan tsohuwar gadar sama guda 3 a tsaye cikin ruwa, domin wanda bai ga jiya ba ya gane abin da aka kawar. Daga nan ciyayi suna ƙaruwa, ana ganin agwagin ruwa da zalɓe suna kiwo.

Suka da Ƙorafi

Duk da haka, ba kowa ne ya yarda a kira aikin "farfaɗo da rafi" ba. Ruwan da yake gudana ba daga tsaunuka yake zuwa ba kamar da. Da injin ake turo shi, a farkon buɗe rafin kusan tan 120,000 kullum, daga kogin Han da ruwan da yake tsattsafowa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Masu kare muhalli suna ganin wannan ya fi kama da kwarmin ruwa na ado, mai cin lantarki. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ya kamata a lura cewa wannan sarrafawar ce ta sa ruwan yake da tsabta, zurfinsa kuma bai canzawa, har uwa take sakin hannun ɗanta a bakinsa.

Masana tarihi ma sun koka da gaggawar aikin. An gusar da gadar Gwangtonggyo daga ainihin mazauninta, gadar Supyogyo kuwa, wadda aka ɗauke zuwa lambun Jangchungdan, ba a dawo da ita ba. Waɗanda suka fi jin jiki su ne 'yan tireda da masu kasa kaya a bakin tsohon titin. An kwashe da yawansu zuwa filin wasa na Dongdaemun, wasu 'yan kasuwa kuma aka nufe su da sabuwar kasuwar Garden Five da ke nesa, inda kuɗin shago ya fi ƙarfin mafi yawansu.

Har yanzu rafin yana aikinsa na asali na kwashe ruwan sama. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙofofin magudanu da ke jikin bango sukan buɗe, ruwa ya hau kan tafarkin cikin 'yan mintoci. Shi ya sa da zarar hadari ya sauko ake kaɗa jiniya, ma'aikata su fitar da jama'a, a rufe matakalai har sai ruwan ya janye.