Daga ’yan amshi zuwa situdiyo: A ina mawaƙin yau zai koyi sarrafa murya?

A yawancin tarukan biki da na siyasa da ake yi a manyan ɗakunan taro na Abuja, mawaƙi kan iso ne da rakiyar mutum biyu ko uku, kayan aikinsa kuwa duk suna cikin filashi ko wayar hannu. Zai miƙa wa mai kula da na’ura a saki kiɗa, shi kuma ya riƙe makirfo yana bin muryarsa da aka riga aka naɗa. Shekaru 50 baya, wanda ya gayyaci Alhaji Musa Ɗanƙwairo ko Alhaji Mamman Shata ya san tawaga guda zai sauke: makaɗa da ’yan amshi da sanƙira da yaran da ke ɗaukar kaya.

Waccan tawaga tana yin aiki iri biyu a lokaci guda. Kamfani ce da ke ciyar da gidaje masu yawa, kuma makaranta ce da ake horar da murya shekara da shekaru kafin a bar mutum ya ja waƙa. Na’ura ta ɗauke wa mawaƙi nauyin kamfanin, amma har yanzu babu abin da ya maye gurbin makarantar. Wannan giɓi ne ke yanke wa matasa masu baiwa da yawa sana’arsu tun ba ta je ko’ina ba.

Makarantar da ba ta da allo

Tarihin Ɗanƙwairo ya isa misali. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne a Maradun, kuma tun Musa yana ƙarami yake bin sa wurin kiɗa yana amshi. Da jagoranci ya koma hannun wansa Abdu Kurna, sai Musa ya zama Daudun Kiɗa, wato mataimakin jagora, ya kuma daɗe a wannan matsayi kafin ya kafa tasa ƙungiya. Lokacin da duniya ta san muryarsa a waƙoƙin Sardauna da na sarakuna, ya riga ya shafe shekaru masu yawa yana sauraro, yana karɓa, ana gyara masa. Ya rasu a 1991, ’ya’yansa kuma suka ci gaba da kiɗan kotso a kan turbar da shi ma ya bi.

Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa’idu Muhammad Gusau na Jami’ar Bayero, sun yi bayanin yadda aiki ke rabuwa a irin wannan ƙungiya. Jagora ne ke ƙulla waƙa ya kawo ɗiyanta, ’yan amshi su riƙe gindinta, wani lokaci su yi masa ƙari ko rakiya, wani lokaci su tarbe shi tun bai dire ba. Yaron da ya shekara goma a cikin wannan aiki ya koyi inda ake jan numfashi, da yadda ake daidaita murya da ta abokan amshi, da yadda ake faɗawa kan kiɗa ba gaba ba baya. Ya haddace waƙoƙi masu yawa, ya san zuri’ar masu sarauta da kirarinsu, ya kuma saba da isar da murya ƙarshen dandali babu lasifika.

Amshi yana da wani amfani da ba kasafai ake lura da shi ba: hutu ne ga jagora. Duk lokacin da ’yan amshi suka karɓa, maƙogwaronsa na samun sararawa, shi kuma yana shirya ɗan da zai biyo baya. Da haka ake iya raba dare ana waƙa, a kuma wayi gari a sake.

Shata bai gaji waƙa ba, amma shi ma sai da ya tara makaɗan kalangu da ’yan amshi waɗanda suka san shi ciki da bai, domin mutum ne da ke ƙirƙirar waƙa nan take. Ya fi rabin ƙarni yana waƙa, Jami’ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta riƙe ƙungiyar mata masu kiɗan ƙwarya har zuwa rasuwarta a 2013. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne fitaccen wanda ya tsaya shi kaɗai, sai dai kuntiginsa ne ke yi masa aikin amshi.

Rabo shi ne riƙon ƙungiya

Riƙon mutane ya fi ƙulla waƙa wuya. A da, abin da ubangida ya bayar, doki ne ko riguna ko kuɗi ko mota ko kujerar Makka, hannun jagora yake shiga, shi ne kuma zai fitar wa kowa rabonsa gwargwadon matsayi da daɗewa. Ciyarwa da sutura da hidimar aure da suna na yaransa duk suna wuyansa. Jagoran da aka san shi da hannun bayarwa yaransa kan tsufa tare da shi. Wanda ya cika riƙo kuwa, wata rana zai waiga ya ga ba kowa.

Wannan darasi bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Fela Anikulapo-Kuti, wanda ya yi karatun kiɗa a Kwalejin Trinity da ke Landan, ya gina ƙungiyar Africa 70 har ta zama abin kwatance a duniya. Amma bayan wasan da suka yi a Berlin a 1978, akasarin makaɗansa suka watse saboda saɓani kan kuɗi, shahararren mai gangarsa Tony Allen ma ya kama gabansa. Dole Fela ya sake gini, ya kafa Egypt 80. A cikin wannan sabuwar ƙungiya ɗansa Seun ya tashi yana waƙa tun yana yaro, kuma shi ya karɓi ragamarta bayan rasuwar uban a 1997, kamar dai yadda ake yi a gidan Ɗankwanda.

A yau alkawarin baka ba ya wadatarwa, domin waƙa ɗaya na iya ci gaba da kawo kuɗi daga YouTube da Audiomack da Spotify shekaru bayan an manta da ranar da aka naɗe ta. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa tsawon rayuwar mai ita da ƙarin shekara 70, sautin da aka naɗa kuma shekara 50, ta kuma tanadi haƙƙi ga wanda ya rera ko ya kaɗa. Mawaƙin da ke son ya daɗe yana bukatar ya yi wa sana’arsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya kuma rubuta tun kafin a fita daga situdiyo wane ne ya rubuta waƙar, wane ne ya yi kiɗa, wace ce ta yi amshi, da kason kowa. Rigimar da ba a kashe ta a takarda ba, ranar da waƙa ta karɓu take tashi.

Da kiɗa ya sauya

Daga ƙarshen shekarun 1990, bunƙasar finafinan Hausa a Kano ta zo da sabon tsari. Fiyanon Yamaha guda ɗaya ya ɗauke aikin makaɗa biyar, mai kiɗa ɗaya a ɗaki ɗaya ya wadatar. Daga baya kwamfuta ta shigo da manhajojin gyaran murya irin su Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, mai iya miƙe muryar da ta kauce. Alherin wannan sauyi a bayyane yake. Wanda bai gaji kiɗa ba, ba shi da ubangida, ba shi da kuɗin ciyar da mutum goma, ya samu ƙofa. Mata da yawa sun samu sana’a, waƙar Hausa kuma ta kai inda kalangu bai taɓa kai ta ba.

Sai dai matakan da ake takawa a da sun ruguje. Matashi kan shiga situdiyo yau, waƙarsa ta zagaye TikTok a mako guda, a wata mai zuwa a gayyace shi ya tsaya gaban dubban mutane alhali bai taɓa rera waƙa ta minti 30 a jere ba. A situdiyo layi-layi ake ɗauka, a yanke, a sake, a goge kuskure. A dandali babu wannan rangwame. Shi ya sa da yawa ke fakewa a bayan muryar da aka naɗa, waɗanda suka yi ƙarfin halin rerawa kuma sukan yi ta da ƙarfin maƙogwaro, su sauka murya a dishe.

Murya tsoka ce

Abin da ke samar da murya wasu ’yan tantani ne guda biyu a cikin maƙogwaro, waɗanda masana harshe ke kira tantanin maƙwallato. Iskar da ta fito daga huhu ce ke kaɗa su, suna haɗuwa suna rabuwa fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya a maganar namiji, kusan ninki biyu a ta mace, in an ɗaga murya a waƙa kuma adadin ya ƙaru sosai. Idan aka matsa musu ba hutu sukan kumbura, a kwana a tashi su yi kanta, wani lokaci ƙaramar jijiyar jini ta fashe. Mawaƙiyar Ingila Adele ta soke wasanninta a 2011 aka yi mata tiyata saboda irin wannan zubar jini, Julie Andrews kuwa ba ta sake samun muryar waƙarta ba bayan aikin da aka yi mata a 1997.

Mawaƙin Arewa yana da ƙarin abokan gaba: ƙurar hunturu da bushewar iska, doguwar tafiyar dare, hayaƙin taba da shisha, cin abinci mai nauyi dab da kwanciya wanda ke sa ruwan ciki ya taso ya ƙona maƙogwaro, da lokacin kamfe da ake waƙa gari uku a yini ɗaya. Abin da malamin murya ke koyarwa shi ne jan numfashi daga ciki maimakon ƙirji, ɗumama murya kafin hawa dandali, zaɓen matakin sautin da ya dace da muryar mutum, yawan shan ruwa, da sanin lokacin yin shiru. Likitoci na gargaɗin cewa raɗa ma tana wahalar da muryar da ta gaji, kuma dishewar da ta wuce ’yan makonni tana bukatar ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Daga jagora zuwa malami

A Kudu an daɗe da mayar da wannan ilimi aji. Jami’ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. Ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makarantar da ke bayar da difloma, gidauniyar MTN kuma ta shafe shekaru tana ɗaukar nauyin ɗalibanta. Misalin da ya fi kusa da wannan batu shi ne na Peter King, mai busa wanda ya jagoranci ƙungiyoyin kiɗa a Landan da Najeriya, sannan a 1982 ya kafa makarantarsa, wadda daga baya ta koma yankin Badagry. Mawaƙiya Asa na cikin waɗanda suka bi ta hannunsa. Abin da ya tara a dandali ya zame masa jari na biyu, ya kuma amfani wasu.

Kwafo wannan manhaja yadda take ba zai wadatar da mawaƙin Hausa ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali: karin sauti ne ya raba kukan yaro da kukar miya, tsawon wasali ne ya raba garin da ake zama da garin tuwo. Waƙar da ta take waɗannan ƙa’idoji kunnen Bahaushe ba ya karɓarta, komai daɗin kiɗanta. Malamin da ake bukata shi ne wanda ya haɗa sanin lafiyar murya da sanin harshe. Rabin wannan ilimi yana nan a hannun tsofaffin ’yan amshi da ke zaune a Maradun da Funtuwa da Kano ba mai tambayar su, da sha’irai, da masu koyar da waƙa a makarantun Islamiyya, da shugabannin mawaƙan coci da ƙungiyoyin zumuntar mata da ke rera waƙa da Hausa a Jos da Kaduna da unguwannin Abuja. Ɗaya rabin yana wurin likitoci da malaman kiɗa na jami’a. Ba a dai zaunar da su wuri ɗaya ba.

Abin da ke hannun Abuja

Tun watan Agustan 2023 Najeriya ke da ma’aikatar da aka ɗora wa alhakin tattalin arzikin fasaha, ƙarƙashin Hannatu Musa Musawa, ’yar garin da aka haifi Shata. Yawancin maganar da ake yi kan wannan fanni ta gine-gine ce da rance da kayan aiki. Horar da murya bai kai su tsada ba: ɗaki ne da malami da manhaja da takardar shaidar da za a amince da ita. Jami’an da ke tsara shirye-shiryen koyar da sana’o’i na iya sanya shi a ciki, a kuma ɗauki tsofaffin makaɗa a matsayin malamai masu albashi tun suna raye.

Hadiman da ke shirya taruka su ma suna da ta cewa, domin abin da mai gayya ya nema shi kasuwa ke kawowa. Wanda ya nemi a rera waƙa kai-tsaye, ya ware kuɗin makaɗa da ’yan amshi a cikin kasafi, ya ba da lokacin gwada na’ura, ya kuma biya a kan kari, ya taimaka wajen rayar da ƙungiya. Ma’aikacin da ke da baiwar waƙa kuma yana sha’awar kafa tasa, ya tuna cewa Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma’aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana’a ta kansa in ban da noma. Koyo dai ba a hana kowa ba, kuma mai shirin ajiye aiki gara ya fara tun yanzu.

Ga matashin da ke shirin shiga situdiyo, tsarin da Ɗanƙwairo ya bi yana nan da amfaninsa ko da kotso ya koma fiyano: ya yi wa wani amshi kafin ya nemi a yi masa, ya saba da rerawa babu na’ura, ya rubuta rabo kafin kuɗi su zo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, murya ma haka.