Taurari Ma Suna da Tasharsu



Mu a nan Tafashiya mun san taurari da ido. Iyayenmu sun nuna mana Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta. Amma akwai masanan da ba da ido suke nazarin sama ba, da eriya suke yi. Dalili kuwa shi ne, rana da wasu taurari suna fitar da igiyar rediyo, irin wadda ke kawo mana labarai a gida.

Ku duba lambobin da ke jikin rediyo. Zangon FM yana farawa daga 88 zuwa 108, ma'aunin kuma sunansa megahaz. Idan lambar ta yi ƙasa, igiyar sai ta ƙara tsawo. Ta megahaz 38 ta kusa mita takwas. Shi ya sa masu sauraren irin wannan zango suke kafa eriya barkatai a fili, kamar shuka a gona, su haɗa su da waya su zama kunne guda.

Abin da ya fi burge mu shi ne an taɓa samun ɗan Najeriya a wannan fage. Sunansa Samuel Okoye. Ya karanta fizis a Ibadan, sannan ya tafi Jami'ar Kambirij a Ingila yin digirin dakta a hannun Antony Hewish. Yana aiki a megahaz 38 sai ya gano wani ɗan wuri mai ƙarfin sigina a cikin ɓurɓushin wani tauraro da mutanen Sin suka ga fashewarsa a 1054. A lokacin ba wanda ya san ko mene ne. Sai a 1968 aka gane ragowar tauraron ce ta dunƙule, tana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa guda. Ana kiran irinta fulsa. Wadda ta fara gano fulsa a 1967 ma ɗalibar dakta ce, Jocelyn Bell. Okoye ya dawo gida ya koyar a Jami'ar Nsukka.

Aikin bai ƙare ba. Yanzu haka ana kafa eriya 131,072 a yammacin Ostireliya, ƙarƙashin shirin SKA, kuma sai an sami masu binciken da za su fassara abin da suka kamo.

To ina ruwanmu? Mu 'yan aji uku mun kusa zaɓar ajin kimiyya ko na adabi, kuma da yawa cikinmu tsoron lissafi ne zai zaɓa mana. Hanyar dakta tana da tsawo: sakandare, digirin farko, na biyu, sannan bincike. Amma ana koyar da fizis a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, nan kusa da mu. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna roƙon malamanmu su ƙara haƙuri da tambayoyinmu. Mu kuma maza da mata, kada mu guji ajin lissafi gobe.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.