Ko Ka San Abin da Saniya Ke Gani Idan Ta Turje?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen lodin shanu a kasuwar Sheme, ko ya ga garke na gangarawa shan ruwa a dam ɗin Mairuwa, ya san wannan: saniya na cikin tafiyarta lafiya lau, sai ta kafe, ta sunkuyar da kai, ta ƙi gaba. A ja igiya, a murɗa wutsiya, a zuba mata sanda, wai taurin kai ne.

Sau tari tsoro ne. Idanun saniya a gefen kai suke, shi ya sa take ganin kusan duk kewayenta, ban da daidai bayanta. Amma wajen auna zurfi ba ta kai mu ba. Inuwar da ta gitta hanya, a wurinta rami ce sai ta tabbatar. Ƙyallin rana a kan ruwa, leda tana kaɗawa a jikin shinge, kowanne ya isa ya tsayar da ita. Sunkuyar da kan nan, dubawa take yi.

Wadda ta fi kowa fahimtar da duniya wannan ita ce Temple Grandin, Ba'amurkiyar da aka haifa a 1947 da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Sai da ta haura shekara 3 kafin ta fara magana. Masu wannan lalura sukan ƙwallafa rai a kan abu guda, su bi shi har ƙwaƙƙwafi. Ita shanu ne nata. Tana budurwa ta je gonar gwaggonta a Arizona, ta ga kejin da ake matse saniya a ciki don a yi mata allura, ta lura da zarar an matse sai wasu shanun su natsu. Ta shiga da kanta, ta ji fargabarta ta kwanta, har ta ƙera irinsa na mutane. Daga baya ta riƙa shiga lungunan da ake kora shanu, tana duban abin da suke duba. Ta zana hanyoyi masu lanƙwasa da bango rufaffe, shanu su bi ba duka. Ta zama farfesa a Jami'ar Jihar Kolorado.

Abin da ke sosa min rai shi ne yaran namu masu irin wannan lalura. Yaro ya wuni a gindin injin niƙa, ba ya kula kowa, ya haddace kowane ƙusa da bel, sai a ce wawa ne, ko an yi masa jifa. Ba kowannensu zai zama farfesa ba, wasu ma kulawa suke buƙata har girma. Amma abin nan da ya ɗauke masa hankali, ta nan ake samun hanyar shiga zuciyarsa.

Mai karatu, in akwai irin wannan yaro a gidanku, ku kai shi asibiti a duba shi, kuma kada ku raba shi da injinsa. Ku zauna kusa da shi, ku bari ya nuna muku.